Kiɗan Jaz Da Gadon Makaɗan Ƙasar Gwandu

Kowace shekara ran 30 ga watan Afrilu ƙasashen duniya sukan yi bikin ranar kiɗan jaz, bisa shawarar da Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a 2011. A wannan rana manyan makaɗa sukan taru su yi wasa, gidajen rediyo su keɓe lokaci na musamman, malaman jami'o'i kuma su yi laccoci a kan asalin wannan kiɗa na baƙar fatar Amurka. Duk inda aka tayar da zancen asalin nasa kuwa, lalle sai an ambaci Afirka ta Yamma, musamman ƙasashen sarari da ke kudu da Hamada, inda ake kiɗan goge da molo da gurmi da kalangu. Jega da Aliero da Maiyama a cikin wannan yanki suke tsundum. Ba wanda zai ga laifin mutanen garuruwan nan don ba su yi bikin wani kiɗa na ƙetare ba. Abin da ya cancanci a yi magana a kansa shi ne, yayin da waɗansu suke kashe dukiya wajen bin diddigin saiwar kiɗansu, masu saiwar suna kallon tsofaffin makaɗansu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tafi da abin da ke cikin kansa.

Ga wanda bai sani ba, jaz kiɗa ne da ya tsiro a birnin New Orleans na Jihar Louisiana, a kudancin Amurka, wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kuma jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka su ne suka ƙago shi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa zuwa ƙetaren Tekun Atlantika a tsawon zamanin cinikin bayi, amma waɗanda aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa ba su cika dubu 400 ba. Tsakanin 1719 da 1731, sa'ad da Faransawa suke riƙe da Louisiana, yawancin bayin da aka kai can daga yankin kogin Senegal da na Gambiya aka ɗebo su, har da Bambarawa masu yawa daga cikin ƙasa. Daga baya ne mutanen Kwango da na gaɓar Benin suka ƙaru a kansu.

A cikin New Orleans akwai wani fili da ake kira Congo Square, inda bayi sukan taru ran Lahadi su ci kasuwa, su buga ganguna, su yi rawa irin ta ƙasashensu. A 1817 hukumar birnin ta yi doka ta taƙaita taron bayi a wannan fili kaɗai, dokar da aka yi don takura musu, amma sai ta zama dalilin da kaɗe-kaɗen ƙabilu dabam dabam suka haɗu wuri guda suka gauraya. A waɗansu sassan Amurka kuwa ko wannan damar ba a bayar ba. Bayan tawayen da bayi suka yi a Stono a 1739, hukumar South Carolina ta yi doka a 1740 ta haramta musu riƙe ganga, don tsoron kada su riƙa kiran juna da ita. Duk Bahaushen da ya taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum da na ubansa ya san wannan tsoro nasu ba na banza ba ne. To, da aka ƙwace ganga, sai kiɗan ya koma cikin tafi da taka ƙasa da murya da kayan tsirkiya. Bayan an 'yantar da bayi a 1865, baƙar fata suka shiga ƙungiyoyin badujala, suka ɗauki begila da sauran kayan busa na Turawa, suka riƙa busa su da kunnen da suka gada daga kakanninsu. Daga wannan gamin gambiza, tare da waƙoƙin majami'a da na wurin aiki, jaz ya fito.

Wanda ya tashi yana jin makaɗan ƙasar Sakkwato da Gwandu ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane ginin jaz, domin kusan ginin da ya sani ne. A ƙungiyar makaɗin fada, jagora shi ke kafa gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, sa'an nan ya shiga zuba ɗiyan waƙa, su kuwa suna yi masa rakiya da ƙari har a komo ga gindin. Ɗiyan nan ba a rubuce suke ba. Idan wani babba ya shigo fage ana cikin kiɗa, nan take jagora zai ƙulla masa ɗa, kuma gobe in an sake waƙar ba za ta fito daidai da ta jiya ba. Haka Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi da kotso, haka Jankiɗi ya yi da taushi, haka Shata ya yi da kalangu. Makaɗan jaz su ma sukan fara da buga gindin waƙa gaba ɗaya, sa'an nan kowa ya karɓi fage shi kaɗai ya ƙago nasa a nan take, sauran suna riƙe masa kiɗa, daga ƙarshe su haɗu su koma inda suka faro. A kiɗan Turai na manyan ɗakunan taro, gwani shi ne wanda ya bi abin da aka rubuta a takarda bai kauce ba. A wurin masu jaz kuwa, kamar a wurin makaɗan Hausa, wanda ya maimaita abin da ya yi jiya kalma da kalma ba a lasafta shi cikin gwanaye.

Sai kuma maganar sa kayan kiɗa su yi magana. Harshen Hausa yana da hawa da saukar murya, kuma da wannan ne mai kalangu yake aiki: ya matse tsirkiyoyin a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, har mai sauraro ya ji kirarin da ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Masu busa na farko a New Orleans, irin su King Oliver wanda ya yi wa Louis Armstrong jagora, sun yi suna ne da toshe bakin ƙahonsu da wani abu suna buɗewa, har ƙahon ya yi kamar yana kuka ko dariya ko gunaguni. Bugu da ƙari, akwai waɗansu sautuka da masu jaz da masu waƙoƙin buluz suke so ƙwarai, waɗanda ba su a kan fiyano domin suna faɗowa ne tsakanin maɓalli da maɓalli. Goge ba shi da matakala a wuyansa, yatsa yana zamewa a kan izga yadda ya ga dama, don haka waɗannan sautuka su ne abincinsa na yau da kullum. Game da karin kiɗa kuwa, ba sai an je fada ba. Mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, wannan ta saki taɓarya ta tafa, waccan ta cike gurbin, kowacce da nata bugun amma duka suna tafiya tare, sun riga sun nuna abin da malaman kiɗa a Amurka suka cika littattafai suna ƙoƙarin bayyanawa. Haka nan gangar noma a wurin gayya, da waƙar da ke sa hauya ta sauka lokaci ɗaya, 'yan'uwan waƙoƙin da baƙar fata suka yi ne a gonakin auduga da wurin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa.

Akwai ma shaida wadda ake iya riƙewa a hannu. Banjo, wanda ƙungiyoyin jaz na farko suka dogara da shi wajen riƙe kari, asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata aka soka mata sanda aka ɗaura tsirkiya. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a 1781 cewa daga Afirka bayi suka zo da shi. Masu bincike sun fi danganta shi da akontin na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, amma duk wanda ya ajiye tsohon banjo na ƙwarya kusa da gurmi zai ga 'yan gida ɗaya ne.

Da daɗewa Turawa sun ɗauka cewa kiɗan Afirka ganga ce kawai, don haka a kurmin bakin teku suka riƙa neman asalin jaz. Wani Bature ɗan Ingila, Paul Oliver, shi ya juya akalar binciken a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, inda ya nuna cewa tun da an hana ganga a wurare da yawa, waɗanda fasaharsu ta rayu su ne makaɗan ƙasashen sarari masu kayan tsirkiya da jan murya. Gerhard Kubik na ƙasar Ostiriya ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafinsa Africa and the Blues na 1999. Cikin misalan da ya kawo har da kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a ƙasar Kamaru a 1964, da waƙar niƙa ta wata mace 'yar ƙabilar Tikar, ya jera su da waƙoƙin baƙar fatar Mississippi don mai sauraro ya yi hukunci da kunnensa.

A nan wajibi ne a ja hankalin masu saurin alfahari. Kuskure ne wani ya tashi ya ce Hausawa ne suka ƙago jaz, ko kuwa daga Jega aka kai shi Amurka. Tarihi bai ba da wannan ba. Harin da mayaƙan Gobir suka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, nan ƙasar Jega, a ƙarshen 1803, yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun jefa mutane da yawa cikin bauta, waɗansunsu aka gangara da su kudu har bakin teku. Amma Amurka ta haramta shigo da bayi daga ran 1 ga Janairu 1808, don haka yawancin Hausawan da suka ƙetare teku a wancan zamani Bahia ta ƙasar Brazil aka kai su, inda suka yi yunƙurin tawaye a 1807, kuma aka sami waɗansunsu a babban tawayen Musulmi na 1835. Dangantakar da ke tsakanin jaz da kiɗan ƙasar Gwandu ta zumunci ce. Tun daga kogin Senegal har Tafkin Chadi al'adar kiɗa ɗaya ce ta yaɗu ta hanyar fatauci da sarauta, kuma Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820 ta zama babbar kasuwa a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, tana cikin mashigan da wannan al'ada ta bi. Wani reshe na gidan aka tsinke aka kai Louisiana. Gidan kansa yana nan, kuma ƙimarsa ba ta rataya ga abin da reshen ya zama ba.

Su dai masu jaz sun san da wannan zumunci, har sun biyo sawu. Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960, ya kuma gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna. Randy Weston, gwanin fiyano, ya zo Legas a 1961. A bikin FESTAC na 1977 makaɗan baƙar fatar Amurka da dama sun halarta. Wanda ya fi su duka zama shi ne Yusef Lateef, mashahurin mai busa, wanda ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga 1981 zuwa 1985, yana binciken sarewa ta Fulani makiyaya. Mutumin da aka san shi a manyan biranen duniya ya bar gida shekara huɗu don ya koyi busar karan da yaro mai kiwo yake ratayawa a wuya. Wannan kaɗai ya isa ya sa hukumomin al'adu na jihohin Arewa su sake duban abin da suke rainawa.

Darasin da ya fi muhimmanci daga tarihin jaz kuwa na asara ne. Mutumin da tsofaffin New Orleans suka haɗu a kan cewa shi ne sarkin busa na farko, watau Buddy Bolden, an kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, a can ya rasu a 1931, kuma har yau ba a sami faifai ko ɗaya mai ɗauke da busarsa ba. Faifan garmaho na farko da aka sayar da sunan jaz ya fito ne a 1917, kuma ƙungiyar farar fata ce ta buga shi, har shugabanta ya riƙa da'awar cewa su ne suka ƙago kiɗan. Amurkawa sun farga daga baya. A 1938 Alan Lomax ya zaunar da Jelly Roll Morton a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ya ɗauki kiɗansa da labarinsa na tsawon sa'o'i. A 1958 Jami'ar Tulane ta New Orleans ta buɗe ma'ajiya ta musamman, ma'aikatanta suka bi tsofaffin makaɗa gida gida da rikoda. A 1987 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da ƙuduri ta ɗauki jaz a matsayin dukiyar ƙasa da ta wajaba a tsare. Duk da haka abin da ya tafi da Bolden ya tafi ke nan.

Ƙasar Gwandu tana da nata irin su Bolden. Manyan makaɗan fada sun yi sa'a, gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato sun ɗauki waƙoƙinsu, malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi rubutu a kansu. Amma mai gangar noma na ƙauye fa, da makaɗin maƙera, da na mahauta, da na 'yan kokowa, da tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa? Injin niƙa ya riga ya kashe waƙar niƙa a garuruwa, siminti ya kashe ta daɓe, tarakta da maganin feshi suna cin gayya. A gidajen biki kuwa na'urar fiyano da lasifika sun fi arha a kan ɗauko ƙungiyar mutum bakwai. Ɗan makaɗi da ya ga sana'ar ubansa ba ta ciyar da gida, ba wanda zai zarge shi in ya koma noman albasa a fadamun Aliero ko ya kama kasuwanci a Jega.

Za a sami masu cewa ba kowane kiɗa ne ya cancanci a ajiye ba, kuma misalin da za su kawo a kusa yake. Muhammadu Gambo na Fagada a ƙasar Maiyama, wanda aka fi sani da Gambu, ya rasu a 2016, kuma da waƙar ɓarayi ya yi suna a duk ƙasar Hausa. Mutanen kirki da yawa sun ƙi abin da yake waƙewa, suna kuwa da hujja. Malaman jihadi ma tun farko sun yi magana a kan kiɗa, sun bambanta wanda ake yi don wata bukata da wanda yake na shagala. Amma ajiye abu a ma'ajiyar tarihi daban ne da yabonsa. Takardun kotu cike suke da labarin masu laifi, ba a kuwa ƙone su. Waƙoƙin Gambu taska ce ta Hausar yamma, da karin magana, da sunayen garuruwa da kasuwanni, da yadda talakawa suke kallon dukiya da masu ita a zamaninsa. Jaz kansa a unguwannin da ba a yabo ya yi ƙuruciyarsa, irin su Storyville wadda hukuma ta rufe a 1917, kuma manyan mutane na lokacin sun kira shi kiɗan 'yan iska. Da an biye musu, da yau ba abin da UNESCO za ta yi wa biki.

Aikin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A zamanin Lomax sai da mota ake ɗaukar na'urar ɗaukar murya, yau kuwa wayar hannu da makirufo mai kyau sun wadatar. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama suna iya fara da ƙidayar makaɗan da suka rage a gundumominsu, ta hannun hakimai da dagatai, domin su ne suka san gidan kowane sarkin kiɗa da sarkin makaɗan noma. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗalibai masu ilmin kwamfuta, kuma juya tsofaffin kaset zuwa na'ura tare da tsara su aiki ne da ya dace da su, musamman da yake kaset ba ya jure zafi da ƙura irin na ƙasar nan. Sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi su ne za su rubuta kalmomin su yi sharhi. A ɗauki kiɗan, a ɗauki hira da makaɗin game da wanda ya koya masa, a kuma ɗauki hoton yadda ake sassaƙa kalangu da ɗaure goge, domin masu wannan sana'a su ma suna ƙarewa.

Jihar Kebbi ta riga ta ga amfanin irin wannan hidima. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, kuma makaɗa suna cikin masu raya shi. Abin da aka yi wa su da homa ana iya yi wa kalangu da goge.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a yi sakaci da shi ba, watau haƙƙin makaɗan. Yawancin baƙar fatar da suka gina jaz da buluz sun mutu matalauta, kamfanonin faifai suka ci ribar gumin nasu. Kada a maimaita wannan a Fagada ko a Gimbana. Duk makaɗin da za a ɗauka a biya shi ladansa a hannu, a rubuta sunansa da na 'yan amshinsa da na garinsa da ranar da aka yi ɗaukar, a ba iyalinsa kwafi, a kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa in wani gidan rediyo ko kamfani ya nemi yin amfani da kiɗan, kason makaɗin zai isa gare shi ko ga magadansa. Ya kamata ma'aikatar da ke kula da al'adu ta jiha ta sa wannan aiki cikin kasafin kuɗinta na shekara mai zuwa, a kuma fara da makaɗan da suka haura shekara 70, a yi ɗaukar da rani bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da ake samun su a gida.